Kujera Ɗaya Daga Maitama Zuwa Kubwa

Mu da ke tashi da asuba a Kubwa, Nyanya ko Lugbe mu bi layin mota zuwa cikin gari, ɗan majalisarmu ɗaya ne da mai gida a Maitama. Mazaɓar AMAC da Bwari ce ta haɗa mu, kuma ba mu ne aka yi tunani ba lokacin da aka shata ta.

Da Murtala Mohammed ya ayyana Abuja a 1976, ƙauyukan Gbagyi ne da gonakinsu a nan. Gwamnati ba ta tare ba sai Disamban 1991. Kubwa ma matsuguni ce da aka tanadar wa waɗanda aka tasa daga filayensu, kafin ƙananan ma'aikata da tsadar haya ta koro su cika ta. Rusau na zamanin ministan Abuja Nasir El-Rufai, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara turo jama'a bayan gari.

Tsarin mulkin 1999 ya bar Abuja da sanata ɗaya, ba gwamna, ba majalisar jiha. A cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, biyu muka samu. Ƙidayar 2006 ta nuna AMAC da Bwari kaɗai sun haura mutum miliyan ɗaya. Bayelsa, mai kimanin miliyan 1.7 a lokacin, kujeru biyar gare ta. Kundin ya ce a riƙa sake duba iyakokin mazaɓu, amma tamu tana nan yadda take tun dawowar mulkin farar hula.

Shekara ashirin kujerar tana hannun 'yan asalin yankin: Philip Aduda daga 2003, sai Zaphaniah Jisalo a 2011, sai Micah Jiba a 2019. Ba mu ga laifinsu ba da suka riƙe ta gam. Wanda aka karɓe wa gona, me ya rage masa in ba ƙuri'a ba? Sai dai baƙi sun riga sun rinjaye su da yawa, kuma a 2023 suka fito. Joshua Obika na jam'iyyar Labour ya lashe kujerar, Ireti Kingibe kuma ta kayar da Aduda a zaɓen sanata.

Maƙwabtanmu na Mararaba, da muke cunkoso tare kowace safiya, ko wannan ba su samu ba. Aikinsu a Abuja, ƙuri'arsu a Nasarawa.