Filin Wasa na Ƙofar Mata: Baƙi Sun Zo, Baƙi Sun Tafi

Duk wanda ya taso daga ƙasarmu ta Jega ko Aliero ko Maiyama ya san cewa filin wasa ba ya bukatar magini. Kaka ta yi, an share fage, makaɗa sun zo, 'yan dambe da 'yan kokawa sun gwada ƙarfi, damina ta dawo an shuka gero a wurin. Amma fa filin da ake ginawa domin tarbar ƙasashen duniya sha'aninsa daban ne. Shi ya sa a wannan ɗan bayani za mu duba tarihin guda ɗaya, wato filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a birnin Kano.

Asalin maganar ita ce, a shekarar 1995 Nijeriya ce ya kamata ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta samari 'yan ƙasa da shekara 20. Ana dab da farawa sai hukumar FIFA ta janye, ta kafa hujja da ɓarkewar cututtuka irin su sanƙarau, ta kai gasar ƙasar Katar. Sai a 1999 aka cika mana alkawari, aka zaɓi garuruwa 8, daga Arewa akwai Kano da Kaduna da Bauchi. Domin wannan biki ne aka shirya filin na Ƙofar Mata ya kai yadda baƙi ke so. Janar Sani Abacha, wanda filin ke ɗauke da sunansa, bai ga gasar ba, don ya rasu ran 8 ga watan Yuni 1998. Sifaniya ce ta ci kofin bayan ta lallasa Japan da ci 4 da nema a Ikko.

Shekara na zagayowa sai ga wani rabo. An karɓe gasar cin kofin Afirka ta 2000 daga hannun Zimbabwe aka ba Gana da Nijeriya, Kano kuwa ta zama masaukin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso. Sannan a 2009 aka sake dawowa da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. To, in mai karatu ya haɗa kwanakin waɗannan bukukuwa uku, zai ga ba su ma cika wata uku ba. Sauran shekarun fa, wa ya riƙe filin?

Amsa ita ce Kano Pillars, ko kuwa "Sai Masu Gida" kamar yadda magoya bayanta ke mata kirari. An kafa ƙungiyar a 1990, ta kuma ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ta yi kimanin shekara 12 ba wanda ya zo ya cinye ta a gida, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A 2009 ma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A ganina wannan shi ne ainihin tarihin filin, domin ɗan kasuwar Kwari da mai rini na karofin Ƙofar Mata da suke biyan kuɗin ƙofa duk ranar wasa, su ne suka hana ciyawa ta cinye shi.

In ana son a gane haka sosai, sai a dubi babban filin Surulere na Ikko, wanda ya fi na Kano girma da suna. An gama shi a 1972 zamanin Janar Gowon, aka yi wasannin Afirka karo na biyu a cikinsa a 1973. A nan ne a 1980 Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, Alhaji Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin Afirka na farko da ƙasar nan ta taɓa ɗauka. A nan kuma Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu ana tsakiyar wasa da Angola a 1989. Duk da wannan daraja, da aka buɗe sabon filin Abuja a 2003 sai hankalin Gwamnatin Tarayya ya koma can. Surulere ba ta da wata ƙungiya mai jama'a da za ta ce nan ne gidana. Kujeru suka karairaye, ciyayi suka rufe fage, harabar ta koma wurin masu shaye-shaye da tarurrukan addini, har a 2023 ɗaya daga cikin dogayen turakun fitilu ya faɗi cikin guguwa. Da ma an ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Sai dai kada a ɗauka filin Kano ya tsira sarai. Abin mamaki, cuta ce ta hana Nijeriya baƙi a 1995, cuta ce kuma ta kori masu gida daga cikinsa a 2020. Da annobar korona ta shigo, sai aka kakkafa tantuna a fagen, Gidauniyar Ɗangote ta ɗauki nauyi, ya zama wurin killace marasa lafiya. Ba wanda zai ce ceton rai bai fi ƙwallo ba, amma fagen ya lalace, dole Pillars ta kwashe kayanta ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna tana karɓar baƙi a garin da ita ma baƙuwa ce. Da ta dawo gida a 2022 kuwa, wasu ɓata-gari daga cikin 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United, hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta zabge mata maki, ta sake korar ta zuwa Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta samu ta hauro.