Kalmar 'smoke': Ma'anoninta da yadda ake amfani da ita a yau da kullum

Maniyyacin da ya bar Masallacin Annabi (SAW) ya nufi Makka, a kwarin Aƙiƙ yake yada zango na farko. A nan Zul Hulaifa take, miƙatin mutanen Madina da aka fi sani da Abyar Ali, inda ake ɗaura harami.

Kafin ya iso nan, ya riga ya ci karo da wata kalmar Ingilishi sau da dama: a jirgin sama, a ɗakin otal, da kuma kan allunan sanarwa masu Larabci da Ingilishi. Kalmar ita ce "smoke".

A makaranta an koya mana cewa ma'anarta hayaƙi. Haka ne, sai dai aikin da Hausa ta raba wa kalmomi da yawa, Ingilishi ya ɗora wa wannan kalma ita kaɗai.

Asalinta

Kalmar ta samo asali ne daga "smoca" a tsohon Ingilishi, kuma tana zuwa a matsayin suna da kuma aikatau. Idan suna ce, tana nufin abin da ke tashi daga itace ko mai ko shara yayin da suke ci da wuta.

Takwararta a Larabci ita ce "dukhan", sunan sura ta 44 a Alƙur'ani. A Faransanci kuwa, wanda 'yan Nijar suka fi sabawa da shi, ana cewa "fumée".

Shan taba

Bahaushe shan taba yake yi, Bature kuma hayaƙinta yake ambata. Don haka allon da aka rubuta "No smoking" ba ya magana a kan girki ko ƙona shara, cewa yake an hana shan taba. Abin da Larabcin da ke gefensa, "mamnu'ut tadkhin", ke faɗa ke nan.

A Madina wannan ba shawara ba ce kawai. Tun farkon shekarun 2000 hukumomin Saudiyya suka ayyana Makka da Madina a matsayin biranen da ba a yarda da taba ba.

Akwai kuma "second-hand smoke", wato hayaƙin da wanda ba ya shan taba ke shaƙa daga mai sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba mashayanta ba ne.

Na'urar silin da turaren wuta

Ƙaramar na'urar da ke manne a silin otal da makewayin jirgin sama ita ake kira "smoke detector". Aikinta shi ne yin ƙara da zarar ta ji hayaƙi, kuma ba ruwanta da ko na gobara ne ko na sigari ko na turaren wuta. Alhajin da ya kunna kasko a ɗaki yana iya tayar da bene guda.

Turaren wuta na da wani hukunci a Aƙiƙ. Da zarar mutum ya yi niyya a miƙati, an hana shi amfani da turare, kuma malamai sun haɗa da turara jiki ko tufafi da gangan.

Ita kanta kalmar "perfume" ta Turawa, tushenta kalmomin Latin ne masu nufin "ta hanyar hayaƙi", abin da ke nuna cewa ƙonawa ce tsohuwar hanyar fitar da ƙamshi.

A kicin da sararin sama

Idan aka ce "smoked fish", ana nufin kifin da aka yi wa banda, irin wanda ake kawowa daga Tafkin Chadi. Hausa ba ta ma ambaci hayaƙi ba a nan, tana da kalmarta.

A farkon ƙarni na 20 aka haɗa "smoke" da "fog", wato hazo, aka samar da "smog". A watan Disambar 1952 irin wannan turnuƙu na hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar. An fara ƙiyasta cewa mutum 4,000 ne suka mutu, kafin binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ya kai ga dokar tsaftace iska ta 1956. Har yau ana yi wa birnin laƙabi da "the Big Smoke".

A salon magana

A nan ne fassarar kalma da kalma ke kunyata mutum.

"No smoke without fire": Bahaushe zai ce ruwa ba ya tsami banza.

"Go up in smoke": shiri ya bi ruwa, an tashi a tutar babu.

"Smoke and mirrors": rufa ido, musamman a bakin 'yan siyasa.

"Smoke out": tilasta wa mai ɓuya fitowa. A nan harsunan biyu sun haɗu, domin da ma Bahaushe na yi wa hayaƙi kirari da fid da na kogo.

"Smoking gun": hujjar da ke kama mai laifi dumu-dumu. Ta shahara ne a 1974, lokacin da wani faifan murya ya tilasta wa shugaban Amurka Richard Nixon yin murabus.

"White smoke": alamar an cimma matsaya. Ta fito ne daga Vatican, inda farin hayaƙi ke shelar zaɓen sabon Fafaroma, kamar yadda aka gani ranar 8 ga watan Mayun 2025.

Wani lokaci kuma Hausa ce ke ganin hayaƙi inda Ingilishi bai gani ba. Abin da muke kira hayaƙi mai sa hawaye, ko barkonon tsohuwa, su "tear gas" suke ce masa.

Saboda haka duk inda ka ga "smoke", dubi kalmar da ke kusa da ita da kuma wurin da aka rubuta ta kafin ka fassara.