Zinarin Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum: Mene ne Rabon Masu Ƙasa?

Haƙar zinari a yammacin Zamfara ta girmi mafi yawan masu karanta wannan takarda. A shekarun 1930, zamanin mulkin Turawa, aka yi ta tonon zinari a Lardin Sakkwato, har aikin ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun wancan zamani dokar ba ta san da talakan da ke zaune a kan dukiyar ba. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alkawarin rabin harajin ma'adinan da za a haƙa a babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfani na da rabonsa a rubuce, gwamnati na da nata, mutanen gari kuwa sai ladan leburanci.

Bayan samun 'yancin kai ma, mallakar ma'adinai ta zauna a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma haka tsarin mulkin 1999 ya tabbatar. Sai a 2007 aka yi dokar ma'adinai wadda ta wajabta wa duk mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Yarjejeniyar kan ƙunshi tallafin karatu, koyar da sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, da ayyuka irin su asibiti, hanya da ruwan sha, kuma ana sake duba ta duk shekara biyar.

To, amma zinarin da ya tashi a ƙauyukanmu wajen 2009, da farashinsa ya hau a duniya, mafi yawansa manoma ne suka haƙa da hannunsu, babu wata takarda. Suna kawo duwatsu cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ba tare da sanin akwai dalma mai yawa a ciki ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar yara a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka. Gubar ta kuma shafi Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega, ta hallaka yara fiye da 400. Dole aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta, bayan jinkirin sakin kuɗi daga Abuja. Masu sayen zinarin sun kwashi riba, jinya kuwa ta faɗa kan iyaye da baƙin da suka zo taimako.

A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Tunda ƙofa ta sake buɗewa ga kamfanoni, ya kamata hakimai, dagatai da malaman makaranta su san cewa rijiya ko ajin da kamfani zai gina hakki ne da doka ta tanada. A nemi ganin yarjejeniyar, a karanta ta da Hausa a bainar jama'a, a sa wurin niƙa nesa da gidaje da gwajin jinin yara cikin sharuɗɗanta, sannan a ajiye kwafinta a fadar sarki domin 'yan baya. Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya sa arzikin ƙasarmu ya amfani masu ita.