Sauya op-amp a kayan sauti na gida: gyara ne ko asarar kuɗi?

A cikin kusan kowace amfilifaya, na'urar kunna faifai ko akwatin sarrafa sauti akwai wata 'yar baƙar ai-si mai ƙafa takwas, wadda girmanta bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Injiniyoyi suna kiranta op-amp. Shekaru da dama ke nan ana tafka muhawara a kanta tsakanin masu sha'awar kayan sauti a Amurka, Turai da Asiya. Wasu sun haƙiƙance cewa idan aka cire wadda kamfani ya sanya, aka maye gurbinta da mai tsada, kiɗa zai fito garau tamkar an yaye masa mayafi. Wasu kuma, galibinsu masu ƙera na'urorin da masu auna su, suna cewa kuɗin ne kawai ke tafiya, sautin yana nan yadda yake.

Maganar ta shafi aljihun mai saye. Wadda ta zo da na'urar sau da yawa ba ta kai dala ɗaya ba, yayin da ake sayar da wasu na musanya a kan gomman daloli kowace guda, har jimillarsu ta kan kusa kamo kuɗin amfilifayar kanta.

Mece ce op-amp, kuma daga ina ta fito?

Aikin op-amp shi ne ƙara ƙarfin siginar lantarki. Tana da mashiga biyu da mafita ɗaya. Takan duba bambancin da ke tsakanin mashigan nan biyu, ta ninka shi sau dubbai. Ba ita ce ke tura manyan lasifikoki ba. Wurinta yana can farkon hanya, inda sigina ke da rauni: wajen daidaita amo, tace sauti, ko miƙa shi daga wani sashe na na'ura zuwa wani.

Asalinta ba na kiɗa ba ne. A 1941 Karl Swartzel na cibiyar binciken Bell a Amurka ya nemi rijistar wata da'irar lantarki mai haɗa lissafi, wadda aka yi amfani da ita wajen saita bindigogin kakkaɓo jiragen sama a Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin da bawul na gilas ake haɗa ta, irin na tsofaffin akwatunan rediyo. A shekarun 1960 Bob Widlar na kamfanin Fairchild ya tattara ta cikin ƙwayar ai-si guda, sannan a 1968 David Fullagar ya ƙera samfurin 741, wanda har yau ɗaliban injiniya ke fara koyo da shi.

Ƙarshen shekarun 1970 ne ya kawo waɗanda suka mamaye harkar sauti: TL072 ta kamfanin Texas Instruments, da NE5532 ta kamfanin Signetics. Akwai kuma 4558, wadda duk mai gyaran rediyo da ya taɓa kwance amfilifaya mai araha ya san lambarta. A 2006 kamfanin National Semiconductor ya fito da LM4562, wadda ta zarce su a ma'auni.

Yadda al'adar sauyawa ta samo asali

An gaji al'adar ne daga masu amfilifayar bawul, waɗanda suka saba zare bawul ɗaya su cusa wani domin jin ko sauti zai canza. Da yake op-amp da yawa suna da tsarin ƙafafu iri ɗaya, kuma wasu na'urori suna ɗora su a kan soket maimakon a liƙe su da dalma, sai aikin ya zama na minti biyar.

Kamfanoni sun lura da wannan sha'awa. Asus ya sayar da katin sauti na kwamfuta mai suna Xonar Essence STX da soket domin mai saye ya sauya da kansa. Ƙananan amfilifayoyin ƙasar Sin da ake saye ta intanet, irin su Fosi Audio V3 da ta fito a 2023, suna zuwa da NE5532 a kan soket, kuma ana tallata hakan a matsayin garaɓasa. A ɗaya gefen akwai masu ƙera na musanya: Burson Audio na Ostireliya da Sparkos Labs na Amurka suna haɗa tasu da taransistoci ɗai-ɗai a kan ɗan allo, sai kuma jerin MUSES daga Japan.

Hujjar masu goyon baya

Masu sauyawa suna kafa hujja da abu uku. Na farko, kamfani riba yake nema, don haka zai sanya mafi arahar abin da zai yi aiki, kuma araha ba ta ado. Na biyu, takardun bayanan da kamfanoni ke fitarwa da kansu sun nuna cewa ai-sin sun bambanta a yawan hayaniya, sauri da kuma gurɓata sigina. Na uku, wanda suka fi dogara da shi, shi ne kunnuwansu: sun sauya, sun saurara, sun ji bambanci.

Hujja ta biyu gaskiya ce. Injiniya Samuel Groner ɗan ƙasar Suwizalan ya auna gomman op-amp a ƙarshen shekarun 2000, kuma sakamakonsa ya nuna bambance-bambance na zahiri, musamman idan aka ɗora musu nauyi mai yawa. Abin da ake jayayya a kansa shi ne ko bambancin ya kai girman da kunnen ɗan Adam zai kama.

Abin da ma'auni ke nunawa

Ba a barin op-amp ta yi aiki da dukkan ƙarfinta. Mai tsara na'ura yakan ɗebi wani kaso na siginar da ta fito ya mayar da shi mashiga, ta yadda ai-sin za ta riƙa kwatanta abin da ta fitar da abin da ya shigo, tana gyara kuskurenta nan take. Saboda haka 'yan rizistoci da kondansocin da ke kewaye da ita ne ke yanke yawan ƙarin ƙarfi da yanayin amo. Idan aka sauya ai-sin aka bar su, ƙarfin ganga da kaifin algaita ba su da dalilin canzawa.

A ɗauki batun sauri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti har zuwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Domin fitar da irin wannan sauti a matakin bolt 2 da na'urar faifan CD ke bayarwa, ana buƙatar ai-sin da za ta iya motsa kimanin bolt 0.36 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. NE5532 ta asali tana yin bolt 9, wato ninki 25 na abin da ake buƙata. LM4562 tana yin 20. Wanda ya koma ta biyun ya sayi saurin da kiɗa ba zai taɓa nema ba.

Haka batun gurɓata sigina yake. A da'ira mai kyau, NE5532 tana iya sauka ƙasa da kashi 0.001 cikin 100. Takardar bayanan LM4562 ta ce tata kashi 0.00003 ne. Tazarar tana da girma a takarda, amma lasifikar da ke ƙarshen hanya takan gurɓata sauti da kashi 1 cikin 100 ko fiye idan aka ƙure ta. Ɗigon da aka rage a farkon hanya ya riga ya ɓace a cikin kogin da ke ƙarshenta.

Akwai kuma abin da Douglas Self, injiniyan Birtaniya marubucin littafin Small Signal Audio Design na 2010, ya sha nunawa: teburan haɗa sauti na situdiyo cike suke da NE5532. Waƙar da mutum ke saurare ta riga ta ratsa irinta da yawa kafin ta iso ɗakinsa. Da tana dushe sauti, da cire guda ɗaya ta ƙarshe bai isa ya dawo da abin da saura suka cinye ba.

To me ya sa mutane ke jin bambanci?

Ba ƙarya suke yi ba, kuma akwai dalilai sanannu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan maganar ta tabbata a zahirinta. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gabatar da wani bincike inda mutane suka saurari lasifikoki suna kallon su, sannan suka sake saurare an ɓoye su bayan labule. Makin da suka bayar ya canza: girma, kyau da farashi sun rinjayi abin da suka ce sun ji. Idan hakan na faruwa da lasifikoki, waɗanda bambancinsu a bayyane yake, ina ga ai-sin da mutum ya biya da tsada, ya jira ta makonni, ya sanya da hannunsa?

Dalili na biyu shi ne ƙarfin murya. Idan ɗaya ta ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, kunne yakan ɗauka ta fi tsabta. Na uku, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ƙananan siffofin sauti fiye da 'yan daƙiƙu, alhali kashe na'ura, kwance ta da sauya ai-si na cin mintuna.

Dalili na huɗu shi ne mafi haɗari: bambancin na gaske ne, amma alamar matsala ce. Ai-si mai gudu sosai, idan aka ɗora ta a allon da aka tsara wa mai matsakaicin gudu, tana iya fara kaɗawa da kanta a matakin miliyoyi a daƙiƙa. Kunne ba ya jin kaɗawar, sai dai ai-sin ta yi zafi, sauti ya yi kaifi. Mai na'ura sai ya ce kiɗa ya buɗe, alhali na'urarsa ce ke wahala.

Inda sauyi ke da amfani

Akwai wuraren da sauyi ke da ma'ana. Idan na'ura tana ɗauke da 741, wadda saurinta bolt 0.5 ne kawai, ko LM358 da aka sani da ɓata sigina a daidai inda take tsallaka sifiri, maye gurbinsu da wadda aka ƙera domin sauti gyara ne na gaske. Sashen da ke karɓar sigina mai rauni ƙwarai, kamar na makirfo ko allurar faifan garmaho, yana amfana da ai-si marar hayaniya. Lasifikar kunne mai jan wuta tana buƙatar wadda za ta iya ciyar da ita, irin NJM4556. A duk waɗannan, an gano matsala ne tukuna, sannan aka nemo maganinta.

Haɗurran da ba a cika faɗa ba

Ƙafa takwas ba ta nufin iri ɗaya. NE5532 op-amp biyu ce a gida guda, NE5534 kuwa guda ɗaya ce, kuma tsarin ƙafafunsu ya bambanta. Sanya ɗaya a gurbin ɗaya na iya ƙona ta. Juya ai-si a baibai ma haka.

Sai batun wuta. NE5532 ta asali tana jure har bolt 22 ta kowane ɓangare, LM4562 kuwa iyakar aikinta 17 ne. Na'urar da ke ba da 18 ta riga ta wuce mata ƙa'ida. Haka nan TL072 kusan ba ta jan wuta ta mashigarta, saboda haka idan aka maye ta da NE5532 ana iya samun ƙarar ƙas-ƙas a maɓallin murya, ko wuta tsayayya ta zarce zuwa lasifika. Wasu kuma, kamar OPA637, ba sa zama lafiya sai an saita ƙarin ƙarfi ya kai ninki biyar.

Ga kuma jabu. Tun da lambar da ke bayan ai-si ce kawai shaidarta, masu algus sukan goge lambar mai araha su buga ta mai tsada. Wanda ya sayi shahararriyar ai-si a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalan kamfani, mai yiwuwa abin da ya cire ya fi abin da ya sanya. Garin neman gira sai a rasa ido, ga kuma garantin na'ura da zai iya faɗuwa.

Yadda za a gwada a gida

Tun 1982 David Clark ya bayyana tsarin gwajin da ake kira ABX a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, kuma ana iya kwaikwayon ruhinsa a falo. A samu na'ura biyu iri ɗaya, ɗaya da tsohuwar ai-si, ɗaya da sabuwa. A kunna sauti tsayayye, a auna mafitarsu da mita har su daidaita, kada tazarar ta wuce kashi 1 cikin 100. Sai wani ya riƙa sauya waya a inda mai saurare ba ya gani, yana jefa kwabo domin zaɓen wadda zai haɗa, yana rubutawa.

A yi sau goma. Wanda ya dace sau biyar ko shida canke ya yi. Wanda ya dace sau tara ko goma, damar a ce sa'a ce kawai ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Ya ji wani abu, sai a binciki ko gyara ne ko matsala.

Wanda ke yin sauyin domin nishaɗi da koyon lantarki, ya duba takardar bayanai, ya sayi ta gaske, ya taɓa ai-sin bayan mintuna ya ji ko ta yi zafi. Wanda kuwa ingancin sauti yake nema da kuɗin da ya tara da gumi, ya fara da lasifika, da inda ya ajiye ta, da labule ko darduma da za su rage amsa-kuwwar ɗakin siminti. Waɗannan canje-canje ne da baƙo ma zai ji daga bakin ƙofa, ba tare da an gaya masa nawa aka kashe ba.