Silosaibin da Rakiyar Jagora a Maganin Ciwon Damuwa: Nazarin Hujjojin Gwaji daga 2006 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin gwaje-gwajen da aka gudanar a Amurka da Turai kan amfani da sinadarin silosaibin, a ƙarƙashin kulawar jagora, domin magance ciwon damuwa da fargaba da kuma abin da ake kira gyaran hali. An bi hanyar bitar sakamakon da aka wallafa a mujallun likitanci, aka kwatanta yawan mahalarta da tsarin gwajin da illolin da aka gani. Nazarin ya gano cewa akwai alamun sauƙi mai saurin zuwa, sai dai hujjar ta ginu ne a kan mutanen da aka tace, aka shirya, aka kuma raka, don haka ba ta isa ta zama dalilin tallata sinadarin ga kowa ba.

Muhimman kalmomi: silosaibin, laimar kwaɗi, ciwon damuwa, jagora, gwajin magani

1.0 Gabatarwa

Silosaibin sinadari ne da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, wajen nau'i 200. Idan ya shiga jiki yakan rikiɗe ya koma silosin, wanda ke kama wasu makarɓan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Daga nan gani da ji da lissafin lokaci da yadda mutum ke jin kansa duk sai su sauya na tsawon awa huɗu zuwa shida. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: sauƙin da ake ba da rahotonsa, na sinadarin ne, ko na rakiyar da ake yi wa mai shan ne, ko kuwa na tsammanin da ya shigo da shi?

2.0 Waiwaye

Al'ummar Mazatek ta jihar Wahaka a Mekziko ta daɗe tana amfani da laimar kwaɗin a zaman neman waraka da ake yi cikin dare. A 1955 wata mai magani, María Sabina, ta bar wani ma'aikacin banki ɗan Amurka, Gordon Wasson, ya halarci zamanta. Labarin da ya buga a mujallar Life a 1957 ya jawo baƙi suka yi wa garinta tsinke, abin da ya jawo mata tsangwama har aka ƙona gidanta. A 1958 Albert Hofmann na kamfanin Sandoz a Suwizalan ya tace sinadarin.

Gwajin silosaibin na Walter Pahnke na 1962 a wata majami'a ta Jami'ar Boston, da ɗaliban ilimin addini 20, ya yi suna. Amma bibiyar da Rick Doblin ya wallafa a 1991 ta bankaɗo cewa ɗaya daga cikin ɗaliban ya rikice har sai da aka yi masa allurar kwantar da hankali, kuma rahoton farko bai ambaci haka ba. A 1970 Amurka ta sanya sinadarin a jerin farko na haramtattun ƙwayoyi, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta bi sahu, bincike ya kwanta na kusan shekara talatin.

3.0 Tsarin Zaman Jagora

Tsarin da aka fi bi a gwaje-gwajen zamani mataki uku ne. Na farko tacewa da shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ana cire duk wanda shi ko danginsa na jini suke da tarihin taɓin hankali, da masu hawan jinin da bai daidaita ba, sannan a yi zama da dama domin mai shan ya saba da jagororinsa.

Na biyu ranar shan. Ɗakin ba ya kama da asibiti: doguwar kujera, bargo, fitila mai laushin haske. Mutum ya haɗiyi ƙwayar, ya kwanta, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa masa abin jin kiɗa a kunne. Jagorori biyu suna zaune a gefe na awa shida zuwa takwas, suna auna hawan jini lokaci-lokaci, ba sa yawan magana. Idan tsoro ya taso, mai yiwuwa su riƙe masa hannu, bisa izinin da ya bayar tun kafin ya sha. Na uku zaman bayan sha, inda ake tattauna abin da ya gani da yadda zai amfane shi a rayuwa.

4.0 Sakamakon Gwaje-gwaje

Roland Griffiths da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ne suka farfaɗo da fagen a 2006, da masu sa kai 36 lafiyayyu. Bayan wata biyu, kusan kashi biyu cikin uku sun sanya zaman cikin abubuwa biyar mafiya ma'ana a rayuwarsu. Kusan ɗaya cikin uku kuwa sun fuskanci tsananin tsoro a lokacin zaman. Wannan gwaji shi ne ginshiƙin iƙirarin gyaran hali, amma galibin ma'auninsa bakin mai shan ne.

A 2016 an wallafa gwaji biyu kan masu ciwon daji da fargabar mutuwa ta addaba: mutum 51 a Johns Hopkins, mutum 29 a Jami'ar New York. A na farko, kusan kashi 80 cikin ɗari suna cikin sauƙi bayan wata shida. A 2021 Robin Carhart-Harris na Kwalejin Imperial da ke Landan ya kwatanta silosaibin da maganin damuwa na escitalopram a kan mutum 59 na mako shida. A babban ma'aunin da aka tsayar tun farko, ba a sami bambancin da ƙididdiga za ta amince da shi ba.

Gwaji mafi girma a zangon 2006 zuwa 2023 shi ne na Guy Goodwin da kamfanin Compass Pathways a 2022, da mutum 233 waɗanda magungunan da aka saba suka gaza a kansu. An raba su gida uku: miligiram 25, 10 da 1. Bayan mako uku, kashi 29 cikin ɗari na masu 25 sun fita daga alamun ciwon, a kan kashi 8 na masu 1. Zuwa mako na 12 tazarar ta ragu. Kashi 77 cikin ɗari sun sami wata illa, galibi ciwon kai da tashin zuciya da jiri, kuma an sami tunanin kashe kai ko cutar da kai a duk rukunan uku.

5.0 Tattaunawa

Matsala ta farko ita ce ɓoye maganin. Ƙa'idar gwaji ita ce kada mai sha ya san ko maganin gaske aka ba shi ko ƙwayar wofi. A nan kuwa abin ba ya ɓoyuwa. A gwajin Michael Bogenschutz na 2022 kan masu jarabar giya, fiye da kashi 90 cikin ɗari sun canki abin da suka sha daidai. Wanda ya zo da babban buri ya gane an ba shi na gaske zai ƙara ƙarfin gwiwa, wanda ya gane wofi aka ba shi zai koma gida da karyewar zuciya. Tazarar da ake aunawa ta haɗa da wannan.

Ta biyu ita ce gauraye. Kowane mahalarci ya sami awanni masu yawa na kulawar ƙwararru biyu, gatan da mai ciwon damuwa ba kasafai yake samu a asibiti ba. Tsarin yawancin gwaje-gwajen bai ba da damar ware rabon sinadari daga rabon rakiya ba.

Ta uku ita ce tacewa. Waɗanda suka fi hatsari an cire su tun a ƙofa. Binciken jin ra'ayi da Theresa Carbonaro ta jagoranta a 2016, na mutum 1,993 da suka ba da labarin shansu mafi muni na laimar kwaɗin, ya nuna kashi 11 cikin ɗari sun jefa kansu ko wasu cikin hatsari. Akwai kuma amanar da ke wuyan jagora, domin mutumin da hankalinsa ya sauya na awa shida ba ya iya kare kansa daga wanda zai ci zarafinsa.

Duk da haka doka ta riga bincike gudu. Masu zaɓe a jihar Oregon sun amince da cibiyoyin shan silosaibin a 2020, aka buɗe su a 2023 ga duk ɗan shekara 21 zuwa sama, ba tare da takardar likita ba. Jihar Kolorado ta bi a 2022. Ostireliya kuwa, daga 1 ga Yuli 2023, ta ƙyale zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗai su rubuta shi ga masu damuwar da ta gagari magani. Tsarin Ostireliya ya fi kusa da abin da aka gwada. Na Oregon, da wuraren hutu da ake biyan kuɗi a Holan da Jamaika, sun aro sunan gwajin asibiti suna sayar da abin da ba a auna shi da irin wannan ma'auni ba.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa silosaibin tare da rakiyar ƙwararru yana rage alamun ciwon damuwa cikin makonni ga wani kaso na majinyatan da aka tace. Game da dorewar sauƙin, da rabon jagora a cikinsa, da iƙirarin gyaran halin lafiyayyu, akwai sauran rina a kaba. Ana ba da shawarar gwaje-gwaje masu zuwa su auna tsammanin mahalarta kafin sha, su tambaye su abin da suke zaton an ba su, su bi su na aƙalla shekara guda, su kuma wallafa illoli ba tare da ragi ba. Kafin a sami wannan, silosaibin magani ne da ke kan gwaji, kuma haramtacce ne a mafi yawan ƙasashen duniya.