Yadda Wutar Lantarki Ta Yanka Wa Allo Saurinsa

Hoton da ke motsi a talabijin ko a monita, hotuna ne tsayayyu da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Yawan zanawar a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da Hz. Samarin da ke kawo mini kwamfutocinsu na gem sun haddace lambobin nan, 144 ko 240, amma kaɗan ne suka san cewa asalin maganar daga tashar wutar lantarki ta fito.

Sa'ad da injiniyoyi ke tsara talabijin a shekarun 1930 da 1940, sun ɗaure saurin hoto da saurin juyawar wutar gari, domin idan biyun suka saɓa, wani duhun layi kan riƙa yawo a kan allo. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai sau 50. Don haka Amurka ta tsaya a kan 60 da layi 525, Japan ta bi sahunta, Turai kuma ta zauna a kan 50, daga baya ta daidaita a layi 625. A 1953, da Amurka ta shigo da kala a tsarinta na NTSC, sai aka ɗan rage saurin zuwa 59.94 don kada saƙon kala ya yi karo da na sauti. Har gobe za ka iya ganin wannan lamba a saitin kwamfuta. A Jamus ta Yamma, Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙirƙiro tsarin kala na PAL, aka fara watsa shirye-shirye da shi a 1967, Faransa kuma ta riƙe nata, SECAM.

Mu ma mun gaji wannan rabo. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, kuma da kala ta zo, Najeriya ta ɗauki PAL mai 50, Nijar ta ɗauki SECAM irin na Faransa.

A shagon maigidana na koyi gyaran tsohuwar talabijin mai ƙaton baya. Akwai wani ɗan maɓalli a bayanta da ake murɗawa idan hoto ya fara gudu sama ba tsayawa. Maigida zai kafa madubi a gaban allon, ya tsuguna ta baya yana murɗawa a hankali, idonsa na kan madubin, har hoton ya rage gudu, ya yi rawa sau ɗaya, ya tsaya cak. Abin da yake yi ke nan: daidaita saurin akwatin da saurin tashar. Da gidajen gem suka yawaita, matsalar ta sake kama. Mai gidan gem zai sa faifan da aka yi wa kasuwar Amurka a talabijin ɗin da PAL kaɗai ta sani, sai hoto ya fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima, ya ɗauko akwatin a ka ya kawo mana alhali lafiyarsa ƙalau. Ko wasannin da aka yi wa ƙasashen da ke kan 50, da yawa ba a gyara saurinsu ba. Sonic na farko a Mega Drive ya fi jinkiri da kusan kashi ɗaya cikin shida idan aka kwatanta da na Amurka.

Monita ta kwamfuta ce ta fara kwance wannan ɗauri. Mai ƙaton baya idan tana kan 60 ƙifta take yi, ta sa ciwon kai, sai mu ɗaga ta zuwa 75 ko 85. Da faifayen allo na LCD suka zo, ƙiftawar ta tafi saboda hoton yana zama daram har na gaba ya iso, sai kowa ya koma 60 ya kwanta. A 2009 Samsung ya fitar da monita mai 120, a 2013 ASUS ya kawo mai 144. A wannan shekarar Nvidia ya sanar da G-Sync, AMD ya biyo da FreeSync a 2015. Da su, monita kan jira katin hoto ya gama zane kafin ta nuna, hoto ya daina yagewa gida biyu. A da allo wutar gari yake bi, yanzu katin hoto yake bi.

Duk da haka gadon 60 bai sake mu ba. Sau da yawa Windows kan bar sabuwar monita a kan 60, mai ita ya biya kuɗin 144 yana kallon ƙasa da rabi. Bambancin ba ƙarami ba ne: a 60 kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 17, a 144 kusan 7. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ce an cuce ka a kasuwa, shiga saitin allo ka zaɓi lambar da kanka. Idan ba ta fito ba, duba wayar, domin tsohuwar HDMI ba koyaushe take ɗaukar wannan nauyi ba; gwada DisplayPort, ka sabunta manhajar katin hoto, sannan ka leƙa saitin gem ɗin kansa. Mafi yawan monitocin da ake kawo mini ba su lalace ba, saiti kawai suke jira.