Hanyar Kekuna ta Otago ta Tsakiya

Hanyar kekuna ta Otago ta Tsakiya tsohon layin dogo ne a Tsibirin Kudu na ƙasar Nuzilan. Ta tashi daga garin Middlemarch zuwa Clyde, tafiyar kilomita 152 cikin ƙasar makiyayan tumaki.

Zinariyar da aka gano a yankin a shekarun 1860 ita ta fara jawo jama'a. A 1879 aka soma shimfiɗa dogo daga Wingatui, kusa da birnin Dunedin, amma duwatsu da kwazazzabai suka sa aikin jan ƙafa: sai 1891 jirgi ya isa Middlemarch, Clyde kuwa sai 1907. Kafin nan kasuwar zinariya ta lafa, don haka tumaki da ulu da 'ya'yan itatuwa suka zama lodin taragu. Layin ya ga baƙin ciki a 1943, lokacin da jirgi ya kauce kusa da Hyde, mutum 21 suka rasu.

Da manyan motoci suka ƙwace dako, abin da ya riƙe layin shi ne jigilar siminti da ƙarafa zuwa madatsar ruwa ta Clyde. Da buƙatar ta ƙare, aka rufe sashen Middlemarch zuwa Clyde a 1990, daga baya aka tuge ƙarafansa. Ƙauyukan bakin tasha suka shiga mawuyacin hali.

Ma'aikatar kare muhalli ta ƙasar ta sayi filin layin a 1993, kuma lallai ta yi hangen nesa, domin da an yanka shi gonaki da ba zai sake haɗuwa ba. Aka gyara gadoji, aka daidaita tsakuwa, aka buɗe hanyar kekunan baki ɗaya a 2000.

Daɗin tuƙinta gado ne daga jirgin gawayi, wanda ba ya iya hawan tudu mai tsini. Injiniyoyin dā sun sassauta hawan, mita ɗaya cikin kowace hamsin a inda ya fi tsanani, shi ya sa dattijo da yaro ke murza feda ba galabaita. Yawanci kwana uku zuwa biyar ake yi. A kwazazzabon Poolburn mahayi yakan kunna fitila ya ratsa ramukan da aka fasa cikin dutse, ya haye gada mai tsayin mita 37 daga ƙasa.

Manoma da dama sun yi tababa kan hanyar da farko. Yau tsofaffin otal-otal na Omakau da Oturehua da Ranfurly na cika da baƙi, wasu gonaki ma sun buɗe masauki. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin hanyoyin kekuna na ƙasa a 2009, wannan hanya ce ta ɗauka a matsayin abin koyi.